Digiri na biyu a shugabancin makaranta alhali ina koyarwa kullum: in karɓa ko in dakata?

Malamar Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Na samu gurbin digiri na biyu a fannin gudanarwa da shugabancin makaranta, darussan ƙarshen mako ne. Ina koyar da lissafi a sakandare, kuma 'yan ajin ƙarshe masu jarrabawar fita a hannuna suke. Ajiye aiki ba zai yiwu ba. Waɗanda suka yi, yaya kuka haɗa kundin bincike da makin takardun yara? In karɓa bana ne, ko in bari sai na sallami ɗaliban nan? Wa'adin rajista ya matso.

Abu Safwan:
Wa'alaikumussalam. Ki nemi hutun karatu da albashi, ki tafi ki yi abinki hankali kwance.

Malamar Lissafi:
Malam, hutun ai ba a ba mu shi, shi ya sa na nemi na ƙarshen mako.

Tsohon Mataimaki:
Ƙanwata, bari in gaya miki abin da ya same ni. Darussan aji ba su ne wahalar ba. Tsara jadawali, kasafin kuɗin makaranta, dokokin ilimi, duk mai koyarwa ya san rabinsu tun daga wurin aiki. Kundin bincike ne ya karya ni. Babi na uku ya kwana a teburin mai duba min aiki wata da watanni, sai aka yi masa canjin wuri, wanda ya gaje shi ya ce batun bai yi masa ba, in sake daga farko. Lokacin ya zo daidai da jarrabawar zango. Da dare sai in baje takardun yara a dama, babin da aka cika da jan biro a hagu, in rasa wanda zan fara taɓawa. 'Yata ƙarama ta daina kawo min aikin gida don ta san amsar da zan ba ta. Da na gama na kai shaida, aka ce ba ni da rubutaccen izinin karatu a fayil, saboda haka ba za a lissafa ta a ƙarin girma ba. Izinin baki na karɓa, wanda ya ba ni kuma ya yi ritaya. Wanda na koya wa rubuta tsarin darasi shi aka ɗora a kaina. Har yau abin yana ci min rai.

Ummu Khairat:
Allah ya saka maka, Baba. Malama, kin ji dai, izini a rubuce kafin ki biya ko sisi. Kuɗin kansa da sauƙi, ni na shekara bai kai albashina na wata biyu ba.

Abu Safwan:
Wata biyu? Haba Hajiya. Nawa ya lashe kusan rabin albashin shekara. Ba ki sa kuɗin mota, data, buga kundi da sake buga shi bayan gyara ba. Zango ɗaya ya zarce, sabon biya ne.

Ummu Khairat:
Nawa ta intanet ne, babu kuɗin mota.

Tsohon Mataimaki:
To ai ke ba ki yi zaman jiran mai duba kundi a ƙofar ofis ba, shawararki ba ta shafi halin da take ciki ba.

Ummu Khairat:
Ranka ya daɗe, ni ma babi biyar na rubuta, na kuma tsaya gaban kwamiti na kare. Kuma karatun ya amfane ni. Tsarin duba koyarwa da Morris Cogan da Robert Goldhammer suka fito da shi a jami'ar Harvard, wato ka zauna da malami kafin darasi, ka shiga ka kalla, sannan ku tattauna abin da ka gani, shi nake yi yanzu a sashena. Malamai sun daina ɓoye min matsalolinsu. Malama, ke mai lissafi ce, ƙididdiga da SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ba za su ba ki tsoro ba. Jadawalin alƙaluma na Krejcie da Morgan na 1970 zai nuna miki yawan mutanen da za ki raba wa takardar tambayoyi. Ki zaɓi batun da bayanansa ke kusa da ke, ki nemi izinin hukumar makaranta.

Shugabar Firamare:
Ni ba ni da digirin nan kuma na daɗe ina riƙe makaranta. Babu darasin da ke koya maka yadda za ka kwantar da uba da ya shigo ofis a fusace. A riƙa jin ta bakinmu mu ma.

Malam Na Adabi:
Malama, ki karɓa don Allah. In kin zama shugaba buƙatata ɗaya ce, ki soke mitin ɗin bayan an tashi!

Abu Safwan:
Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Daga ranar da aka ji kana karatun shugabanci, jadawali naka ne, kwamitin jarrabawa naka ne, rubuta bayanan mitin naka ne. Ba a rage maka darasi ko ɗaya, ba a ƙara maka komai.

Malamar Lissafi:
Na gode ƙwarai. Amma batun bana ko baɗi fa?

Shugabar Firamare:
Malam Abu Safwan, ba mugunta ba ce. Malamai sun yi mana kaɗan, aikin kuma dole wani ya yi shi. Wa kake so in ba?

Abu Safwan:
Ki raba wa kowa, Hajiya. Ko ki rubuta a fayil ɗin mutum cewa ya yi, don a gani ranar ƙarin girma.