G7 X ko RX100, wacce zan ɗauka don Hawan Daushe?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum. An kawo min kyamara biyu na hannu, Canon G7 X Mark II da Sony RX100 III, kuma sai na tsayar da ɗaya kafin Juma'a. Ba sana'a zan yi ba, dawakan Hawan Daushe da marinar Ƙofar Mata kawai nake so. Ta aljihu nake nema, ban da babba.

Baban Iman: Ka ƙara kuɗi ka sayi babba mai canjin ido, ka huta.

Injiniya Fagge: Yallaɓai, ta aljihu fa ya ce. Malam, dukkansu sensar inci 1 ce (sensa ita ce abin da ke karɓar haske a cikin kyamara), megafiksel 20, buɗewar ido f/1.8 zuwa f/2.8 (in lambar ta yi ƙasa, haske ya fi shiga). Bambancin a zum yake: Canon na kai 100mm, Sony ta tsaya a 70mm. Sai dai Sony na da ɗan madubin leƙe da ke fitowa daga sama, wanda zai cece ka idan rana ta kashe allo. Don doki, Canon. Ka sa ta a Tv, inda kai ke zaɓar saurin ɗauka, sauri 1/1000 na daƙiƙa, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, ya hau har 1600, domin bayan la'asar ake hawan, haske na raguwa.

Mai Kurna: 100mm a cikin cinkoson Ƙofar Kudu? Sai dai ya ɗauko ƙeyar mutane. Canon SX740, ita ma ta aljihu, ita ce maganin, zum ninki 40.

Injiniya Fagge: Ƙaramar sensa ce da ita, kuma a ƙarshen zum f/6.9 take. Gab da magariba doki zai fito kamar aljani.

Alhaji Na Tarauni: Ku bar zancen zum, ƙura ce ke kashe irin waɗannan. Tawa ta hannu ce daga wani shago, sati biyu ido ya maƙale rabi waje rabi ciki. Mai gyara ya buɗe, yashi ne cike da haƙoran da ke tura idon. Mai shago ya ce kaya in ya fita ya fita. Idon nan duk fitarsa da komawarsa iska yake zuƙa, ga hunturu, ga ƙurar kofato, ga aljihu mai ɓurɓushin goro. Kafin ka biya, ka kunna ka kashe sau 10 kana saurare, in ka ji ƙarar-ƙarar ka ajiye. Sannan ka sa f/11 ka ɗauki farin bango. Baƙin ɗigon da bai gusa ba a hoto uku, ƙura ce a kan sensa, kuma ba ta fita sai an kwance kyamarar gaba ɗaya.

Hajiya Zee: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. G7 X ɗin nan dubu 450 aka ce min.

Mai Kurna: Wace shekara, Hajiya? Tun da 'yan TikTok suka gano ta, kuɗinta ya tashi, mai arha haka sai mai ciwo.

Baban Iman: Kai da ko kyamara ba ka da ita.

Mai Kurna: Ungozoma ma ba ita ke da cikin ba.

Ɗan Gwale: To wacce zan ɗauka dai?

Injiniya Fagge: Ka duba batir tukuna. NB-13L ne na Canon, NP-BX1 na Sony. In ya kumbura, za ka ga yana juyawa a kan tebur idan ka murza shi, kuma ba ya zamewa daga raminsa da sauƙi.

Alhaji Na Tarauni: Batir ai da sauƙi, memori ne bala'in. A rubuta 64GB, cikinsa 8. Kyamara za ta nuna ta ɗauka, ka je gida ka tarar rabin hotunan ba sa buɗewa. A gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta, ta cika shi ta karanto, tun kafin ranar hawa.

Hajiya Zee: Kuma a shagon ma cewa za su yi kyamararka ce ta ƙona shi. Akwai wanda ya san inda ake sa shi a kwamfuta a gabanka kafin ka biya?