Taƙaitaccen abin da aka faɗa kan renon shukar ƙafar giwa a gida

Jama'a, na bi duk bayanan da masu renon ƙafar giwa suka yi kan yadda ake kula da ita, wato shukar ado mai kumburarren gindi da dogayen siraran ganye, ga abin da na tsinta.

1. Sunanta na kimiyya Beaucarnea recurvata, asalinta daga Meziko. Duk da kamannin, ba 'yar gidan dabino ko giginya ba ce. Kumburarren gindinta ma'ajiyar ruwa ce.

2. Nan ne kowa ya yarda: yawan ban ruwa ke kashe ta. A tsoma yatsa cikin ƙasar, in da danshi a ƙyale ta. In ta bushe ƙayau, a ba ta har ruwa ya fito ta ƙasan tukunya. Gindin da ya yi laushi alamar ruɓewa ce, kuma da wuya ta farfaɗo. Yawan ban ruwan nan shi ya fi damuna, domin sabon shiga kullum hannunsa na kan buta.

3. A samu tukunyar ƙasa mai huda a gindi, a cakuɗa ƙasar da yashi sosai. Kada a binne kumburin.

4. An rabu kan rana. Wasu sun ce tsakar gida ba matsala, wasu sun ce ranar bazarar Kano tana ƙona ganyen wadda ta saba da ɗaki. Ni na fi karkata ga baranda ko bakin taga, a riƙa fito da ita sannu a hankali.

5. Da damina a janye ta ƙarƙashin rumfa. Da hunturu a goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

6. Bakin ganye in ya bushe, a datse da almakashi, amma kada a taɓa tsakiyar kan shukar, inda sabon ganye ke fitowa.

7. Ba ta saurin girma, sai haƙuri. Masu awaki kuma su ɗaga ta sama.