Kros (tseren gudu) na damina a Yamai, wa zai ci?

Ɗan Harobanda: Salam ƴan uwa, kros ɗin ranar Lahadi kuna ganin jama'a za su fito kuwa? Wa kuke ba na ɗaya?

Mai Shayi: In an kwana ana ruwa sai dai ƴan tsiraru, hanyar bakin kogi duk caɓi ce, ga ƴan lakwal suna hutu da yawa sun tafi ƙauye noma.

Ta Talaje: Sojoji za su kwashe wallahi, su da kullum asuba suna gudu, samarinmu kuwa sai zaman fada da shayi.

Ɗan Harobanda: Haba yaya, kar ki rena yaran da ke motsa jiki a stad Seyni Kountché fa, a cikin laka, mara nauyi ke wucewa.

Ta Talaje: Su dai ɗaure takalmi da kyau ƙanena.