Saura sati bakwai bikina: in biya kuɗin farar da haƙori ko in haƙura?

Amaryar Gobe: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Haƙorana na gaba guda huɗu suna da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, da wani fari-fari kamar alli. Ba na cin goro, shayi ma sai da safe. Tun ina firamare suke haka. A Kaltungo na tashi wajen kakata, kuma da yawa cikin waɗanda muka taso tare haka nasu yake. Jiya na je wani asibitin kuɗi a nan Gombe, likitar ta ce sai an fara wanke su a kan dubu 20, sannan a sa maganin da ke sa su fari, zama biyu, dubu 120. Amma ta ce ba ta yi min alkawarin ɗigon zai fita duka ba. Daga kuɗin kayan kicin zan cire. Akwai mai irin nawa da aka yi wa ya ga canji?

Maman Haidar: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki rage goro da shayi, ki daka gawayi da gishiri kina gogawa safe da dare. Sati biyu za ki ba da labari.

Baban Yusra: Asuwaki, asuwaki, asuwaki. Shekarata 52, ban taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba.

Amaryar Gobe: Anti na ce ba na cin goro. Gawayin kuma na yi shi wata uku ina sakandare, dasashina ne kawai ya yi ta jini.

Hajiya Turai: 'Yata, don Allah ki tsaya ki ji nawa. Shekara biyu ke nan, ana saura kwana tara bikin ƙanwata, mai yi mana kwalliya ta ce ta sayo na'ura daga waje, dubu 35 kowa. Ta sa min roba ta buɗe bakin, ta shafa wani abu mai kauri, ta haska shuɗiyar fitila. Minti goma ban cika ba na ji kamar an zuba min barkono. Na ɗaga hannu, ta ce "haƙuri Hajiya, aiki yake yi." Da aka cire, dasashina na sama ya yi fari fat kamar tafasasshen nama, washegari ya fara saɓulewa. Ranar kamu ko kunun gyaɗa mai ɗumi ban iya sha ba, da tsinken lemo nake zuƙar ruwa ta gefen baki. Iska ma in ta shiga sai na ji har tsakar kaina. Haƙorin da ke da ciko kuma ya tsaya da launinsa, sauran suka yi haske, ya fito a tsakiya kowa na gani. Na koma wajenta ta ce jikina ne bai karɓa ba. Ko sisi ba ta mayar ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ummu Sultan: Innalillahi. Sannu Hajiya. Dasashin ya dawo daidai?

Hajiya Turai: Ya warke bayan sati biyu, amma ruwan firji har yanzu sai na bari ya huce.

Zee Kaduna: To ai dubu 35 ɗin ma ta cuce ki, ni dubu 15 aka yi min a Kaduna.

Abban Khalil: Wane dubu 15? Matata dubu 180 ta biya a Abuja bara.

Zee Kaduna: Wallahi 15 na biya, da wani ƙarfe mai ƙara da feshin ruwa, aka kankare duk dattin.

Nas Bilkisu: Zee, wanki aka yi miki, shi yana cire dattin da ya daskare da tabon shayi da goro ne. Na Abban Khalil daban ne, sinadarin hydrogen peroxide ake sawa ya ratsa cikin haƙorin. Shi ne ya ƙone Hajiya, domin a asibiti sai an rufe dasashi da wani abin kariya kafin a shafa. Kuma ba ya canza launin ciko. Amarya, yadda kika kwatanta ya yi kama da tabon da yawan sinadarin fluoride a ruwan sha yake sa wa yaro lokacin da haƙoransa ke ginuwa, an san yankin Kaltungo da Langtang da wannan. A cikin haƙorin yake, shi ya sa gawayi bai taɓa shi ba.

Baban Yusra: Malama Bilkisu, ke nas ce ko likitar haƙori? Kowa ya tsaya a fagensa.

Nas Bilkisu: Nas ce, Baba, shekara shida ina ɗakin haƙori. Kai da ka ce ba ka taɓa shiga ba fa?

Maman Haidar: Mu da muka gwada a bakinmu ba a jin tamu sai ta masu turanci. Iyayenmu da gawayi suka tsufa da haƙoransu 32.

Sadiya Landan: A nan Ingila doka ta hana sayar wa mutum kai tsaye duk abin da ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari na peroxide. Likitan haƙori ne kawai zai ba ka mai ƙarfi, shi ma iyakarsa kashi 6, kuma ba a yi wa wanda bai kai 18 ba. Mai shagon kwalliya ta yi, kotu ce.

Ɗan Tasha: Amarya ki sa haƙorin Makka guda huɗu a gaban, a huta. Ango ya ga Hajiya tun kafin a je.

Ummu Sultan: Kai Ɗan Tasha Allah ya shirye ka! Ni kakata ma furen taba take gogawa da goro don haƙori ya yi ja, a lokacinsu shi ne ado.

Amaryar Gobe: Anti Bilkisu na gode, ke kaɗai kika taɓo abin. To irin nawa in an sa maganin yana fita?

Hajiya Turai: Kar ki yarda ki kai bakinki, ni dai na faɗa miki.

Zee Kaduna: Ni masu kwalliyar nan ne ke ci min rai gaba ɗaya. Wadda ta yi min dilka da halawa mun yi ciniki dubu 60, ana gobe ɗaurin aure ta ce turare ya tashi sai na cika 25, ga ni rabin jiki a shafe.

Maman Haidar: Ke kin samu ma ta zo. Tamu ta karɓi kuɗin lalle na mutum takwas, ranar ta kashe waya. Sai wata yarinyar maƙwabta muka samu ta zana mana da daddare da hasken waya.

Ummu Sultan: Ku daina biyan kuɗi duka tun farko mana. Rabi, sauran sai an gama.

Zee Kaduna: Wa zai karɓi rabi a watan biki? Cewa za ta yi layi ya cika, ki nemi wata.