Tukunyar ƙasa mai lantarki: magani ce, ko tukunya ce kawai?

Anti Luba: Assalamu alaikum mutanen gida. Game da kayan kicin ɗin Auta, shawarata a bar tukunyar shinkafar nan mai lantarki, a saya mata ta ƙasa irin tawa. Ita ma da wuta take aiki, amma cikinta yumɓu ne zalla, ba alminiyam ba. Tana dafa shinkafa, wake, farfesu, fate, har kunu. Wata takwas ke nan ina amfani da ita. Wadda ta sayar min ta ce yumɓu yana kashe tsamin abinci, shi ya sa masu olsa ke samun sauƙi idan suka koma cin abincinta. Tukunyar kakanninmu ce kawai aka sa wa waya. Duk wanda ya ci abincinta ya huta da zuwa asibiti.

Gwaggo: Wa'alaikumus salam. Luba, mu da munka tashi da tukunyar ƙasa bisa murhu ba mu taɓa jin ta warkar da kowa ba. Inna ta yi shekara hamsin tana dahuwa cikinta, kuma da ciwon ciki ta koma ga Allah. Allah shi jiƙan ta.

Kawu Sani: Amin. Yaya kin gama magana tun ba a fara ba.

Anti Luba: Amin Gwaggo. Amma ai ke da bakinki kike cewa miyar sure ta yanzu ba ta kama ƙafar ta da ba.

Gwaggo: Awo, na faɗa. Daɗi daban, magani daban. Kuma rabin daɗin nan hayaƙin icce na, da haƙurin mai dahuwa. Wagga taki ina tas samo hayaƙi?

Maman Sadik: Anti Luba, ki yi haƙuri, a nan dole in sa baki don aikina ne. Mafi yawan olsa abu biyu ke kawo ta: wata ƙwayar cuta da ake kira H. pylori, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutanenmu ke haɗiya kamar gyaɗa. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ƙwayar, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Maganinta kwas ne na ƙwayoyi da likita zai rubuta. Ko da a ce yumɓu ya rage tsamin miya kaɗan, ruwan da ciki ke fitarwa da kansa ya fi tsamiya da tumatir tsami nesa ba kusa ba. Abin da nake tsoro shi ne mai olsa ya ji wannan magana ya ajiye magani ya rungumi tukunya, sai an kawo mana shi yana aman jini.

Anti Luba: To Baban Hanifa fa? Tun da muka fara da ita bai ƙara kwana yana juyi ba.

Maman Sadik: Me kike dafa masa a ciki?

Anti Luba: Fate, farfesun kifi, wake da ya yi luguf. Ba a suya a cikinta, don haka mai kaɗan nake sawa.

Maman Sadik: Kin ba kanki amsa. Mutumin da ya bar soye-soye da yaji, ya koma cin abu mai laushi a kan lokaci, zai ji sauƙi ko a gwangwani kika dafa masa. Duk da haka ki tura shi gwaji.

Yaya Nasiru: Ni ba ruwana da olsa, wuta ce sana'ata. Kafin a saya wa Auta, a kifa gindin a karanta abin da aka rubuta. Wutarmu 230V ce. Da yawa daga cikin waɗannan tukwane, musamman waɗanda ake tsinta a kayan gwanjo, don Amurka aka yi su, 120V. Watan jiya wata mata a Mabera ta kawo min tata, ta jona sau ɗaya tak, ta ji ƙauri, shi ke nan. Wadda aka yi don Sin tana zuwa da 220V, wannan babu matsala, sai dai a canza mata kan soket.

Auta: Yaya, tana shan wuta sosai? Gidan da za a kai ni mita ce ta kati.

Yaya Nasiru: Anti, wat nawa aka rubuta a taki?

Anti Luba: 500.

Yaya Nasiru: To lissafi mai sauƙi ne. Wat 500 na awa uku yunit ɗaya da rabi ke nan, in ma ta yi ta ja ba tsayawa, alhali takan rage da kanta idan ta tafasa. Ko da farashin Band A, rukunin da ya fi tsadar wuta, na naira 225 kowane yunit da aka sa a Afrilun 2024 ka lissafa, bai kai naira 340 ba. Ka dafa ganda ko kai da ƙafa awa uku a kan gas ka ga yadda silinda zai yi. Ta wajen kuɗi Anti Luba tana da gaskiya. Matsalar ita ce awa ukun. Wace unguwa ce a Sakkwato za ka rantse za a bar maka wuta awa uku a jere a daidai lokacin da kake so?

Kawu Sani: Ai tana da sola.

Yaya Nasiru: Kawu, batir ɗaya mai 200Ah a 12V yunit 2.4 yake ɗauka, kuma irin namu na ruwa rabi ake so a ci in ana son ya yi ƙarko. Tukunya ɗaya ta wake za ta cinye shi tas, dare ya yi babu fanka, a watan Afrilu. In da rana tsaka ne farantin sola na ba da wuta, to da sauƙi.

Maman Sadik: Ga kuma wani abu da ya haɗa maganar Yaya da tawa. Mace ta zuba nama da asuba ta tafi aiki, a ɗauke wuta ƙarfe tara, a dawo da ita ƙarfe biyu. Awa biyar nama na zaune cikin ɗumi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma ƙa'ida ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a haka. Yumɓu yana riƙe zafi, gaskiya ne, amma ba na yini guda ba. Wanda zai sa ta ya fita, ya tabbata akwai mai dubawa a gida.

Kawu Sani: Bari in ba ku nawa, tunda ni na taka ƙasar da ake yin su. Yumɓun da suke alfahari da shi sunansa zisha, daga garin Yixing yake a lardin Jiangsu, da shi suke gina butocin shayinsu masu tsada tun ɗaruruwan shekaru. To a 2010 gidan talabijin na gwamnatin Sin ya bankaɗo cewa wasu tukwanen lantarki da ake sayarwa da sunan zisha ƙasa ce ta banza anka zuba wa sinadarin launi don ta yi ja. Manyan kamfanoni abin ya shafa, ba 'yan bayan gida ba. Saboda haka in mai shago ya ce maka yumɓu zalla na, tambaye shi wa ya gwada. Shi ma kwali ya karanta, in ma ya iya karantawa.

Anti Luba: Kawu kana so ka ce guba nake ba 'ya'yana?

Kawu Sani: Subhanallahi, ban ce ba ɗiyata. Cewa na yi kalmar "ƙasa" ba takardar shaida ba ce.

Maman Sadik: Abin da aka fi jin tsoro a kayan yumɓu shi ne dalma, kuma yawanci a cikin shafen nan mai sheƙi take, ba a ƙasar kanta ba. Abu mai tsami kamar sure, tsamiya da tumatir shi ke jawo ta ta shiga abinci idan shafen ba mai kyau ba ne. Mu nan ba sai an yi mana bayanin dalma ba, maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara sama da 400 a 2010 wajen Anka da Bukkuyum, ko da yake can daga niƙan dutsen zinariya ne. Ba na cewa ta Anti tana da ita. Ina cewa a sayi mai sunan kamfani da takarda, a guji mai fenti kala-kala a ciki, kuma da zarar shafen ya fara ɓarewa a daina dafa abinci da ita.

Anti Luba: Tawa ba ta da sheƙi ko kaɗan, garas take kamar randa.

Gwaggo: To da mi kike wanke ta?

Anti Luba: Ruwan ɗumi da soso mai laushi. Ba a sa mata sabulu.

Auta: Kai Anti! Farfesun kifi, kuma babu sabulu? Ni gaskiya ba zan iya ba.

Gwaggo: Ke Auta, nan kam Luba ta hi ki gaskiya. Tukunyar da ba a shafe ba shan ruwa takai, shi ya sa randa ke sanyi. Kin sa mata omo ta sha, gobe ki ci tuwo da ƙamshin wanki. Mu toka muke sawa, ko mu jiƙa ta da ruwan zahi. Kuma sabuwa ba a fara ta da miya, sai an tafasa ruwan kunu ko na shinkafa cikinta ya toshe ƙofofin.

Anti Luba: Wallahi haka aka rubuta a takardar tawa, a fara da tafasa ruwa. Idan ƙarni ya kama ta, sodar girki (baking soda) nake jiƙawa a ciki ta kwana. Sai dai fa tana riƙe wari. Ranar da na yi kunun gyaɗa bayan miyar daddawa, yara sun ƙi sha. Kuma kada a rufe ta da danshi, da damina ta taɓa yi min hunhuna, sai da na shanya ta kwana biyu.

Yaya Nasiru: A ƙara da wannan: a goge bayanta ya bushe ƙarau kafin a zaunar da ita kan farantin wuta, gindin mai waya kuma ko kusa da baho kada ya je, tsumma kawai.

Baban Hanifa: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina shiru. Hajiya, ki gaya musu tukunya ta nawa ce wannan a cikin wata takwas ɗin.

Kawu Sani: Allahu akbar! Ga mai gida ya iso.

Anti Luba: Baban Hanifa ai wannan tsakaninmu ne. To, ta biyu ce. Ta farko Hanifa ta zuba mata ruwan firij tana sauka daga wuta, lokacin hunturu, sai muka ji ƙas, ta tsage daga baki har gindi. Laifin yarinya ne, ba na tukunya ba.

Baban Hanifa: Kuma mun zaga Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa ba mu sami cikin shi kaɗai ba. Sai da aka aiko daga Kano bayan sati shida, kuɗinsa ya kusa rabin na sabuwa.

Yaya Nasiru: Yumɓu ba ya son a ba shi mamaki. Wani ɓangare ya huce ya tsuke, wani yana nan a buɗe da zafi, dole ya rabe. Haka in ka ciro ta daga firij ka ɗora kan wuta, ko ka aza ta kan gas don an ɗauke wuta, ko ka dire ta da zafi kan tayil mai sanyi. Katako ko tsumma ake shimfiɗa mata.

Gwaggo: Wanga kam ko ta magina haka take. Bambancin, tawa in ta fashe in aiki yaro da canjin cefane shi sawo wata kafin la'asar.

Anti Luba: Duk na ji. Na janye maganar olsa tunda Maman Sadik ta fi ni sani. Amma ba zan janye cewa wakenta da gandarta sun fi na kowace tukunya a gidan nan ba, kuma ba ta ƙonawa, ba ta son a tsaya mata a ka. Wanda ke musu ya zo Arkilla ranar Juma'a.

Baban Hanifa: Wannan na shaida. Shinkafa ce dai take ɗaukar kusan awa guda, mai jin yunwa sai ya yi haƙuri.

Auta: To ni yanzu me za a saya min?

Kawu Sani: Ta shinkafar tana nan, ba a cire ta. Ta ƙasar kuma wadda ta kawo shawara ita za ta biya.

Anti Luba: Na ɗauka. Amma sai Nasiru ya raka ni ya karanta gindin, kuma sai mai shago ya nuna min cikin da zan saya in ta fashe.

Yaya Nasiru: Asabar bayan azahar ina shago, ki biyo.

Gwaggo: Luba, gindin waccan da ta tsage da murfinta suna nan?

Anti Luba: Gindin shi muke amfani da shi Gwaggo, cikin kawai aka canza. Murfin tsohuwar dai yana nan.

Gwaggo: Aiko min shi. Na tulun ɗakina ya ɓace tun Sallah.