Kwikwiyo ɗan wata 4 yana ɗingishi bayan yawo

Masu kiwon karnuka, a taimaka. Kwikwiyo ne jinsin German Shepherd, nauyinsa kilo 16. Ana bin lissafin yawon minti 5 ga kowane wata da ya yi da haihuwa, wato minti 20 safe da yamma, da igiya, a kan kwalta. In ya huta ya tashi sai ya riƙa ɗingisa ƙafar gaba ta dama. Babu kumburi, babu ƙaya. Da aka rage zuwa minti 10 ɗingishin ya lafa, amma ya koma tauna takalma. Tunda ƙashin manyan jinsin karnuka irin nasa bai cika gama ƙwari ba sai wajen wata 18, laifin kwalta ne ko tsawon tafiyar? Guje-gujen tsakar gida yana cikin lissafin? Ko dai likitan dabbobi ya ɗauki hoton gwiwar?