Kwana huɗu ke nan kunnena yana ƙara bayan daren kiɗa, me zan yi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, musamman daga waɗanda suka saba zuwa wasan mawaƙa kai tsaye da daren rawa na DJ.

Shekara uku ke nan ina zuwa, kusan sau biyu a wata. Kiɗan na'ura ne ya fi ja na, house da techno, sai amapiano da ya shiga raina kwanan nan. Idan bes ya sauko yana dukan ƙirjina, duk gajiyar mako sai in ji ta zube. Shi ya sa kullum nake kutsawa gaba.

Ranar Asabar na yi wajen awa huɗu a gefen hagu na dandamali, lasifikar tana kusa da ni har zan iya miƙa hannu in taɓa ta. Da muka fito abokina yana yi mini magana a bakin ƙofa, ina ganin bakinsa na motsi, amma muryar kamar daga cikin ruwa take fitowa. Ban damu ba, domin na saba da haka, washegari yakan washe. To yau Laraba, kunnen hagu yana nan yana "ziiii" babu tsayawa. Da rana hayaniya na rufe shi, amma da na sa kai a matashi sai ya cika ɗakin. Jiya sai ƙarfe uku na samu barci. Kuma idan na kara waya a kunnen, muryar mutum ba ta fita sosai kamar ta dama.

Zai tafi da kansa? Akwai abin ɗigawa? Kuma ku faɗa mini gaskiya, shi ke nan na daina zuwa kiɗa?

Ma'aikaciyar jinya a sashen kunne:

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu. Zan fara da maganar wayar nan, domin ita ta fi ɗaga mini hankali. Ƙarar kunne kaɗai bayan kiɗa takan lafa cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Amma ƙara haɗe da raguwar ji a kunne ɗaya, har kwana huɗu, ba abin zama a jira ba ne. Gobe ka je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ka ce a yi maka gwajin ji. Akwai irin raguwar jin da maganinsa ke aiki ne kawai idan an fara da wuri, kuma likita ne zai tantance ko naka irinsa ne. Wani lokaci ma datti ne ya toshe, a duba a cire. Kai dai ba za ka iya sani daga gida ba.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Bayan dodon kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Amo mai ƙarfi yana kwantar da su kamar ciyawar da aka tattake. Da yawa sukan miƙe bayan hutu, shi ya sa ka saba ganin abin ya washe. Wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Abin takaicin shi ne mutum na iya rasa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari nasu kafin gwajin ji ya nuna komai. Saboda haka duk daren da ka fito kunne a toshe cikin shekara ukun nan, kada ka ɗauka a banza ya wuce.

Kafin ka ga likita: kada ka ɗiga mai ko wani ruwa, kada ka sa tsinken auduga, ka ajiye abin sauraren kiɗa na kunne gaba ɗaya. Da dare ka kunna fanka ko ka sa sautin ruwan sama ƙasa-ƙasa, domin shiru ne ke ƙara fito da ƙarar.

Mai haɗa sauti a wuraren wasa:

Anti ta gama magana a kan asibiti, ka bi ta. Ni bari in ba ka lissafin da muke aiki da shi.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Ma'aunin cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, shi ne desibel 85 na awa takwas a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi. Wato 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 97 minti 30, 100 minti 15. A tsakiyar filin rawa 100 abu ne na yau da kullum, gaban lasifika kuwa ya wuce haka nesa. A 106 abin da kunne zai ɗauka bai kai minti huɗu ba. Kai kuma awa huɗu ka yi.

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa: kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100 idan aka auna cikin minti 15, a riƙa aunawa, a samar wa jama'a matoshin kunne, a kuma ware wuri mai shiru da za a je a huta. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Amma shawara ce, ba doka ba, kuma wurare da yawa ba sa bi. Akwai kuma wani abu da na gani da idona sau da yawa: kunnen DJ ma yana gajiya, sai ya riƙa jin kamar sautin ya yi ƙasa, ya ƙara. Shi ya sa ƙarfe biyu na dare ya fi ƙarfe goma sha ɗaya ƙara, ko da babu wanda ya yi niyya.

Sirrin da masu sana'a suka sani: kiɗa ya fi daɗi a kusa da teburin mai haɗa sauti, domin daga nan ake daidaita komai. Gaban lasifika ƙarfi ne kawai, rabin waƙar ma ba ka ji. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da lasifika, sauti na raguwa da kimanin desibel 6. A cikin ɗaki bai kai haka ba saboda bango na mayar da amo, amma duk da haka akwai bambanci.

Wani ɗan'uwa:

Ni na gwada matoshin soson nan sau ɗaya, wallahi kamar an lulluɓe kiɗan da bargo. Kafin rabin awa na cire. Idan haka ne ai gara mutum ya zauna a gida.

Mai haɗa sauti a wuraren wasa:

Gaskiyarka ɗan'uwa, na soso yana cinye siririn sauti fiye da mai kauri, shi ya sa murya da kuge ke ɓacewa. Don masana'anta aka yi shi. Ka nemi na makaɗa, mai 'yar matata a ciki, wanda ke rage sautin kusan bai ɗaya. Waɗanda ake yi daidai da ramin kunnen mutum suna zuwa da matata ta desibel 9 ko 15 ko 25. Na 15 ya ishi mafi yawan dare: ya mayar da 100 ya koma 85. Bes ɗin da ƙanenmu ke so kuwa ba zai rasa shi ba, domin a ƙirji da ƙashi ake jin sa.

Idan na soso kaɗai ka samu, ya fi babu, amma a sa shi daidai. Ka murza shi ya zama siriri, ka zagaya da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura, ka riƙe da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Yawancin waɗanda nake gani rabinsa a waje yake.

Wata 'yar'uwa mai karatun likita:

Don masu shakkar amfaninsa: an yi gwaji a wani bikin kiɗa a Amsterdam, aka wallafa a 2016. Mutum 51 aka raba gida biyu, suka yi awa huɗu da rabi a wurin. Cikin waɗanda suka sa matoshi, kashi 12 cikin ɗari ne suka fito da ƙarar kunne. Cikin waɗanda ba su sa ba, kashi 40.

Yayanku a harkar:

Ƙanena, ni nawa shekara shida ke nan bai tafi ba, don haka zan amsa tambayarka ta uku, wadda na san ita ce ke hana ka barci fiye da ƙarar.

Watanni ukun farko sun yi mini wuya ƙwarai. Nakan tashi tsakar dare in zauna a bakin gado in toshe kunne da yatsa, ina auna ko ya ragu. Wannan aunawar ita ce ta fi cutar da ni, domin duk lokacin da ka saurare shi, ƙwaƙwalwa na ɗaukarsa abu mai muhimmanci. Likitan da na gani ya ce in daina farautarsa, in bar wani sauti mai laushi a ɗaki. A hankali ya koma kamar ƙarar firji, yana nan, amma sai na tuna nake ji. Ranar da ban yi barci sosai ba ko raina ya ɓaci, yakan ɗaga.

Ban daina zuwa kiɗa ba. Na yi wata huɗu ban leƙa ko'ina ba, sannan na koma da matoshi, a maƙale da makullina don kada in manta. Ina sawa tun daga bakin ƙofa, ba sai kunne ya fara zafi ba. Duk bayan awa ɗaya nakan fita minti goma in sha ruwa. Ranar farko da na koma, DJ ya ja waƙar a hankali har ya saki bes, jama'a suka ɗaga hannu gaba ɗaya, ni ina can baya kusa da teburin sauti, sai da hawaye suka zubo mini. Na ɗauka na rabu da wannan har abada.

Naka kwana huɗu ne kawai, akwai kyakkyawan fata zai lafa. Allah Ya ba ka lafiya. Amma ka je asibitin goben nan.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti, na je da safe kamar yadda kika ce. Babu datti, dodon kunne lafiya lau. Sun sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ɗora mini abin ji a kai, ina danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara. Takardar ta nuna layin kunnen hagu ya ɗan faɗa a wajen siririn sauti, wanda suke auna shi da hertz 4,000, likita ya ce nan ne amo ya fi fara taɓawa. Ya rubuta mini magani, ya ce in koma bayan mako biyu a sake gwaji, kuma babu kiɗa mai ƙarfi har sai ya gan ni.

Ina da tikitin wani wasa ranar Asabar mai zuwa, na ba abokina, na kuma tura masa bayanin matoshin nan, domin tare muke tsayawa a gaba. Yaya mai haɗa sauti, idan likita ya ba ni izinin komawa, na desibel 15 zan fara da shi, ko tunda kunnen ya riga ya taɓu in ɗauki na 25?